Edward Blyden: Malamin Da Aka Hana Shi Shiga Makaranta

A 1850 wani saurayi baƙar fata ya isa Amurka neman ilimi. Kwalejoji uku ya nema, duka suka ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa. Sunansa Edward Wilmot Blyden. An haife shi a 1832 a tsibirin Sant Tomas da ke yankin Karibiyan, mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa malamar makaranta.

Bai koma gida ya naɗe hannu ba. Sai ya shiga jirgin ruwa zuwa Laberiya, ya ci gaba da karatu a wata sakandare a Monrobiya. Ƙwazonsa ya sa a 1858 aka ba shi shugabancin makarantar da ya yi ɗalibta a cikinta.

A farkon shekarun 1860 aka buɗe Kwalejin Laberiya, wadda ita ce Jami'ar Laberiya a yau. Kwaleji ce irin wadda ba sana'a guda take koyarwa ba, tana haɗa wa ɗalibi harsuna da tarihi da lissafi da falsafa domin hankalinsa ya buɗe. Malamai uku ne suka fara aikin, Blyden na cikinsu, yana koyar da Girkanci da Latin.

Sai dai akwai abin da ya tsaya masa a rai. Littattafan da ake karantawa Turawa ne suka rubuta su, kuma da yawansu suna nuna wa yaro baƙar fata cewa shi ba kowa ba ne. Alhali a cikin ƙasa Blyden ya ga malaman Musulmi suna karatu da rubutu da Larabci, suna riƙe da mutuncinsu. Shi limamin coci ne, amma hakan bai hana shi ganin darajar wannan ilimi ba. A 1866 ya tafi Masar da Sham ya ƙara zurfi a Larabci, da ya dawo ya shigar da harshen cikin darussan kwalejin.

A 1880 ya zama shugaban kwalejin. Ya nemi a koyar da ɗan Afirka ta hanyar da za ta sa ya san kansa da mutanensa, a ba mata ilimi, a kuma mayar da kwalejin cikin ƙasa kusa da jama'a. Ba duka burinsa ne ya cika ba. Ya sha adawa, ya bar kujerar a 1884, ya nemi shugabancin ƙasa a 1885 ya faɗi.

Duk da haka bai bar alli ba. A 1887 ya wallafa littafinsa kan Kiristanci da Musulunci da baƙar fata. A Legas ya ƙarfafa wa Musulmi gwiwa su haɗa karatun addini da boko, daga 1901 kuma ya shugabanci ilimin Musulmi a Saliyo. A can ya rasu a 1912.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda aka rufe wa ƙofa uku shi ne ya buɗe wa wasu aji. Idan jarrabawa ta kayar da kai bana, ka tuna da Blyden. Malamanmu kuma, muna roƙonku ku koya mana darasi, ku kuma koya mana sanin darajar kanmu.