SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA ZAMA BISHOP

In aka tambayi mutane kamannin shugaba, da yawa za su ce shi ne mai babbar riga, mai tsawa, wanda in ya buɗe baki kowa sai ya yi rawar jiki. Waɗansu kuma suna tsammani shugabanci gado ne, sai ɗan babban gida. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin ƙasarmu wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, duk da haka ya ja gaban aikin Bishara a bakin Kwara har shekara 34.

An haifi Ajayi a garin Oshogun cikin ƙasar Yarbawa wajen shekarar 1809. A 1821 mahara, Fulani da Yarbawa Musulmi, suka faɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu. An taɓa musanya shi da doki, an kuma ba da shi a bakin taba da barasa. A 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi a Ikko domin a ƙetare teku da shi, amma jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kai bayin Saliyo, suka 'yanta su. A can Ajayi ya koyi karatu, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki suna Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, shi ne ɗalibi na fari.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku su hau Kwara. Mishan ɗin C.M.S. ya sa Crowther ya bi su, shi da wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta littattafan koyon Hausa, ya kuma juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu. Zazzaɓi ya kashe wajen 40 daga cikin Turawa 145 da ke cikin tafiyar. Daga nan manyan mishan suka gane, in za a kai Bishara cikin wannan ƙasa, sai 'yan ƙasa su ɗauke ta. Aka kira Crowther London, aka naɗa shi limamin Ekklesiya a 1843. A 1846 ya shiga Abeokuta, a nan kuwa Allah ya sada shi da uwarsa bayan rabuwar shekara 25. Aka yi mata baftisma a 1848 da suna Hannatu.

Abu na fari da za mu lura da shi cikin halinsa shi ne, ya fi yawan saurare bisa ga magana. Ko'ina ya sauka ya kan zauna tare da tsofaffi, yana tambayarsu kalmomi da karin magana, yana rubutawa. Da haka ya shirya littafin kalmomin Yarbanci, ya kuma ja gaban juya Littafi Mai Tsarki cikin wannan harshe. A 1857 ya kafa aikin mishan na Kwara, ya bar abokin aikinsa J. C. Taylor a Onitsha, shi kuwa ya wuce gaba. Jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba, ya fashe. Suka daɗe ƙwarai a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Wani da ya zauna yana gunaguni. Crowther kuwa ya mai da wurin makaranta, ya duƙufa kan Nufanci, har a 1864 ya buga littafin nahawu da kalmomin harshen.

Magatakardan C.M.S. a lokacin, Henry Venn, ya yarda cewa dole Ekklesiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta yi mulkin kanta, ta kuma yaɗa Bishara da kanta. Saboda haka ya nemi a naɗa Crowther bishop. Crowther ya yi ta roƙo a ba wani, yana ganin bai isa ba. Da ƙyar ya yarda. Aka naɗa shi a Canterbury ran 29 ga Yuni 1864, shi ne baƙin mutum na fari da ya zama bishop cikin Ekklesiyar Anglikan.

Mai tsammani naɗi shi ne ƙarshen wahala, bari ya dubi abin da ya biyo baya. Waɗansu Turawan mishan na ƙasar Yarbawa suka ƙi zama ƙarƙashinsa, aka kuwa bar su ƙarƙashin bishop na Saliyo. Kuɗin aikinsa kaɗan ne. Ba shi da jirgin kansa shekaru da yawa, sai ya jira jiragen fatake su ɗauke shi ya ziyarci tashoshinsa, daga Bonny da Brass a bakin teku har Lokoja. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson a hanyar kogi, ya tsare su yana neman fansa, har wani Bature ya rasa ransa wajen kuɓutar da su. Duk da haka bai fasa hawan kogin ba. A Bonny ya sa sarki da mutanen gari su biya rabin kuɗin kafa aikin, domin su san abin nasu ne.

Zamansa da Musulmi abin koyi ne gare mu musamman. Ko da ya ke ta hannun mahara Musulmi ya shiga bauta, bai riƙe su a zuciya ba. Ya kan ziyarci Sarkin Bida Masaba da ladabi, ya kan kuma rarraba Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872 aka yi masa tambayoyi a fadar Ilorin a kan ko Yesu Ɗan Allah ne. Bai yi gardama ba, bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya buɗe Luka sura 1, ya karanta saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, ya bar Maganar ta ba da amsa. Daga baya, sa'ad da barasar fatake ta fara lalata ƙasar Nufe, Sarkin Bida Maliki ya aika masa da wasiƙa, yana roƙonsa kamar uba ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Sarki Musulmi ya ba da amanarsa ga bishop wanda ba shi da soja ko ɗaya. Irin wannan yarda ba a sayenta a kasuwa, ba a kuma samunta da tsawa.

Ba za mu ɓoye wurin da ya kasa ba. Yawancin ma'aikatansa mutanen Saliyo ne, albashinsu kaɗan, suna zaune nesa da shi, sau ɗaya a shekara ya ke ganinsu. Da yawa sun yi aminci, amma waɗansu sun shiga fatauci, waɗansu kuma sun faɗi cikin mugun zunubi. Bishop kuwa mai jinkirin hukunci ne, ya fi son ya yi wa mutum gargaɗi ya ba shi wani zarafi. A waɗansu lokatai jinkirin ya yi yawa, garke ya sha wahala.

Venn ya rasu a 1873, Crowther ya rasa mai tsaya masa. Wajen 1890 waɗansu samarin Turawa masu himma suka zo Kwara, cikinsu har da G. W. Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zauna Lokoja da nufin kai Bishara ƙasar Hausa. Suka ɗauki haƙurin tsohon a kan rashin ƙarfi, suka ɗauki zafinsu a kan tsarki. A taron da aka yi a Onitsha cikin watan Agusta 1890 aka dakatar da ma'aikata baƙaƙe a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, ba da yardarsa ba. Tsoho mai shekara fiye da 80 ya ajiye shugabancin taron. Bai rama da zagi ba, bai kuma fita daga Ekklesiyarsa ba, ko da ya ke mutane da yawa a Ikko da sun bi shi. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba na wannan shekara. Aka naɗa Bature a madadinsa. Sai a 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, babban bishop na Canterbury, Justin Welby, ya tsaya a fili ya nemi gafara saboda abin da aka yi masa.

Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa ya ke zubawa. Crowther ya ɗauki sharar na ƙasa da shi, ya ɗauki ta na bisa da shi, bai yar da garken ba. Samarin nan sun ga laifin da ke akwai, amma sun rasa ƙauna da ladabin da za su gyara shi da su, suka rushe cikin 'yan watanni abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Ya ku pastoci, da dattawan Ekklesiya, da malaman makaranta, da masu gida, ku karanta Markus 10:42-45, inda Ubangijinmu ya bambanta sarautar al'ummai da girman da ke cikin mulkinsa, ya nuna babba a cikinmu shi ne mai yi wa sauran bauta. Sa'an nan kowa ya tambayi kansa: Na san harshen mutanena da damuwarsu? Maƙwabcina wanda ba mai bi ba ne zai iya kawo mini kukansa? Ina tsauta wa mai laifi da wuri, cikin ƙauna? In aka ƙwace mini kujera gobe, zan ci gaba da ƙaunar Ekklesiya? Mu kuma da a ke shugabanta, kada mu rena mai tawali'u domin ba ya tsawa. Allah ya tashe mana makiyaya masu irin wannan zuciya. Amin.