TARIHIN MARIGAYI MANJO JANAR SHEHU MUSA 'YAR'ADUWA, TAFIDAN KATSINA

An haifi Shehu Musa 'Yar'aduwa a birnin Katsina ran 5 ga watan Maris, 1943. Mahaifinsa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, da fari malamin makaranta ne, daga baya ya zama Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shehu ya yi karatun sakandare a Makarantar Sakandare ta Lardin Katsina, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Makarantar kwana ce irin tamu, da ƙararrawar asuba da shara da duba ɗakuna. A nan ya yi aji ɗaya da marigayi Muhammadu Buhari. A wancan zamani shugabannin Jihar Arewa suna ta jan hankalin ɗalibai su shiga soja, domin hafsoshin Arewa ba su da yawa. Ko da yake Shehu ɗan Minista ne, kuma da ya so aikin ofis da ya samu cikin sauƙi, sai ya zaɓi kaki. A 1962 ya shiga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, daga nan aka tura shi Sandhurst a Ingila. Ya komo gida a 1964 da muƙamin Laftana na biyu, yana da shekara 21.

Bai daɗe da fara aiki ba ƙasa ta rikice. Aka yi juyin mulki sau biyu a 1966, sa'an nan yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli, 1967. Shehu ya yi yaƙi a Runduna ta 2 ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed. Wannan runduna ta sha wuya ƙwarai a Anaca. A watan Oktoba, 1967, ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba, amma abin ya faskara, aka yi hasarar mutane masu yawa. Sai da aka zagaya ta Idah aka bi ta ƙasa, sa'an nan aka ci garin a watan Maris, 1968. Shehu yana cikin samarin hafsoshin da suka yi suna a wannan gumurzu. Yaƙin ya ƙare a watan Janairu, 1970.

Ran 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba tare da zubar da jini ba, kuma Laftana Kanar Shehu yana cikin waɗanda suka shirya abin. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne Gowon ya janye alkawarin da ya yi na mai da mulki ga farar hula a 1976. Da Murtala ya hau, sai ya naɗa Shehu Kwamishinan Sufuri na Tarayya. Ya tarar da aiki ja wur. Gwamnatin da ta wuce ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Ikko za ta iya saukewa. Ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum, siminti kuwa yana daskarewa. Aka soke waɗansu kwangiloli, aka hanzarta sauke kaya, har cunkoson ya ragu. A 1977 kuma aka buɗe sabuwar tasha ta Tin Can.

Ran Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Janar Murtala a Ikko. Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi, aka ɗaga Shehu daga Laftana Kanar zuwa Birgediya, aka ba shi muƙamin Babban Hafsan Hedkwatar Ƙoli, wato na biyu a ƙasa duka, bai cika shekara 33 ba. A zamaninsu aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, Funtuwa da Malumfashi suna cikin ƙananan hukumomin da aka kafa. A shekarar ne kuma aka fito da shirin ciyar da ƙasa, don kowa ya koma gona. Amma babban abin da suka yi shi ne cika alkawari. Ran 1 ga Oktoba, 1979, suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Shehu ya tuɓe kaki yana Manjo Janar, shekarunsa 36 kacal.

To, mutumin da ya bar aiki da sauran ƙarfinsa, me zai yi? Shehu ya shiga kasuwanci, ya sa hannu a harkar banki da jiragen ruwa da buga jarida. Abin da ya fi shafar mu shi ne noma. Ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi ta daɗe da suna wajen auduga da dawa da masara, shi ya sa ma a 1975 aka fara babban shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a Funtuwa, tare da na Gusau da Gombe. A nan Funtuwa ya kafa gonar Sambo Farms. Ƙanensa, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne manajanta na farko, daga 1983 zuwa 1989, shi ne kuwa ya zama Gwamnan Jihar Katsina a 1999, kuma Shugaban Ƙasa a 2007.

Daga baya Tafida ya shiga siyasa. Ya tara magoya baya daga Arewa da Kudu, ciki har da Atiku Abubakar da Babagana Kingibe. A 1992 ya zo kan gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP, har a ƙasar Yarabawa ya sami ƙuri'u masu yawa. Janar Babangida ya soke zaɓen, ya hana 'yan takarar sake tsayawa.

A 1994 aka zaɓe shi wakili a Taron Tsarin Mulki da Janar Sani Abacha ya kira. Shi da mutanensa suka tsaya tsayin daka har taron ya yanke shawara soja su sauka a watan Janairu, 1996. A watan Maris, 1995, aka kama shi, aka tuhume shi da shirin juyin mulki, shi da Obasanjo da waɗansu. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri na shekaru masu yawa. Allah ya yi masa rasuwa yana tsare a Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54. Aka kawo shi Katsina aka yi jana'izarsa. Ba a yi shekara biyu ba soja suka sauka, a watan Mayu, 1999.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu suna sha'awar shiga soja in sun gama. Ya kamata mu duba tarihin nan da kyau. Tafida ya taɓa shiga juyin mulki, amma da mulki ya zo hannunsa ya sake shi ranar da aka yi alkawari. Da ya ga waɗansu sun ƙi saki, ya faɗa musu gaskiya, ya kuwa san abin da zai iya biyo baya. Ɗan makarantar kwana ne kamarmu, a jiharmu ya tashi.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.