Alfred Russel Wallace

Alfred Russel Wallace (8 ga Janairu 1823 zuwa 7 ga Nuwamba 1913) masanin halittu ne ɗan Birtaniya. An fi saninsa da gano yadda zaɓin yanayi ke haifar da sababbin jinsunan halittu, ra'ayin da ya kai gare shi da kansa ba tare da sanin cewa Charles Darwin ya shafe kusan shekara 20 yana aiki a kansa a ɓoye ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a Llanbadoc, kusa da garin Usk a yankin Wales. Rashin kuɗi ya sa ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya bi yayansa William suna aikin awon ƙasa. A 1844 ya samu aikin koyarwa a Leicester, inda ya haɗu da Henry Walter Bates, wanda ya sa masa sha'awar tara ƙwari.

Amazon

A 1848 su biyun suka tafi Brazil, da niyyar tara ƙwari da tsuntsaye su sayar wa gidajen tarihi, su kuma nemi amsar tambayar da ke damun su: daga ina sababbin jinsuna ke fitowa? A can Wallace ya lura cewa manyan koguna kan zama iyaka, birin da ke wannan gaɓa ba shi ne na waccan gaɓar ba, ko da yake dangin juna ne. A hanyarsa ta komawa gida a 1852 jirgin ruwan da ya shiga ya kama wuta, kusan duk abin da yake ɗauke da shi ya ƙone. Ya yi kwana 10 cikin kwalekwale kafin a cece su.

Tsibiran Malay da asalin jinsuna

Daga 1854 zuwa 1862 ya yi ta yawo a tsibiran da a yau ke cikin Indonesiya da Malesiya, inda ya tara samfuri sama da 125,000, da taimakon mutanen yankin, musamman wani matashi mai suna Ali. A 1855 ya rubuta maƙala daga Sarawak, yana nuna cewa kowane sabon jinsi yakan bayyana ne a wuri da zamanin da wani jinsi makusancinsa ya riga ya kasance. Maƙalar ta nuna dangantakar, amma ba ta faɗi abin da ke kawo sauyin ba.

Amsar ta zo masa a Fabrairun 1858 yana kwance da zazzaɓi a tsibiran Maluku. Ya tuna da rubutun Thomas Malthus kan yawan jama'a da ƙarancin abinci. Kowace dabba tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda za su rayu, kuma 'ya'yan ba su zama daidai da juna. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su ne ke tsira su hayayyafa. Idan haka ta ci gaba tsawon zamani, zuriyar takan yi nisa da asalinta har ta zama jinsi dabam.

Ya aika wa Darwin wannan bayani daga Ternate. Charles Lyell da Joseph Hooker suka shirya aka karanta shi tare da wasu rubuce-rubucen Darwin a Ƙungiyar Linnean ta Landan ranar 1 ga Yuli 1858, ba tare da an nemi izinin Wallace ba, domin yana can nesa. Bai nuna ɓacin rai ba, har ma ya sadaukar wa Darwin littafinsa The Malay Archipelago na 1869.

Layin Wallace

Tsakanin Bali da Lombok ruwa ne na kimanin kilomita 35 kawai, amma ya tarar tsuntsayen Bali dangin na Asiya ne, alhali a Lombok akwai aku mai tukku irin na Ostareliya. Ruwan yana da zurfi, bai ƙafe ba ko a lokutan da teku ta ja baya, saboda haka dabbobin ɓangarorin biyu suka daɗe a rabe. Ana kiran wannan iyaka Layin Wallace.

A littafinsa Darwinism na 1889 ya ƙara da cewa idan jinsuna biyu da suka fara rabuwa suka haɗu suka haifi 'ya'ya raunana, zaɓin yanayi zai fifita waɗanda ke guje wa barbara da ɗaya ɓangaren, rabuwar ta ƙara ƙarfi. Darwin bai gamsu da wannan ba tun da suka yi musayar wasiƙu a kai, amma masana na binciken batun har yau.

Ƙarshen rayuwa

Ya saɓa da Darwin kan ɗan Adam, domin yana ganin zaɓin yanayi kaɗai ba zai iya bayyana hankalin mutum ba. Imaninsa da magana da ruhohin matattu da adawarsa da tilasta rigakafin agana sun rage masa daraja a wurin wasu masana. Ya sha fama da rashin kuɗi har 1881, lokacin da Darwin ya taimaka gwamnati ta yanka masa fansho na fam 200 a shekara. Ya mutu a Broadstone da ke Dorset yana da shekara 90.