Ian Fleming: Waiwaye Kan Mutumin Da Ya Ƙirƙiro James Bond

Tun shekarar 2021, lokacin da aka kashe James Bond a ƙarshen fim ɗin No Time to Die, masoyan wannan ɗan leƙen asiri ba su daina ƙorafi ba. Abin ya ƙara tsami a watan Fabrairun 2025, sa'ad da iyalan Broccoli, waɗanda suka riƙe ragamar finafinan sama da shekara 60, suka miƙa ikon tsara su ga kamfanin Amazon. Kukan nasu guda ne: an saki hanya, a koma ga Bond na asali, wato na marubuci Ian Fleming. To amma kafin mutum ya ce a mai da shi gidan wani, ya kamata ya san maigidan.

An haifi Fleming a birnin Landan ranar 28 ga Mayun 1908, a gidan masu hannu da shuni. Kakansa mai banki ne, mahaifinsa kuwa ɗan majalisa ne da aka kashe a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917. Ya yi karatu a Eton, sa'annan ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst, wadda daga baya ta horar da irin su Zakariya Maimalari da Murtala Muhammad, amma shi ya bar ta ba tare da an ɗaura masa anini ba. Ya nemi aikin jakadanci bai samu ba. Daga nan ya kama aikin jarida a kamfanin dillancin labarai na Reuters, wanda ya tura shi Mosko a 1933 don ɗauko rahoton shari'ar wasu injiniyoyin Birtaniya da aka tuhuma da leƙen asiri da zagon ƙasa. A can ya koyi gajeruwar jimla mai kai saƙo da wuri, kuma ita ce ta zama gishirin rubutunsa.

A 1939 aka ɗauke shi mataimaki na musamman ga John Godfrey, shugaban sashen leƙen asiri na sojan ruwa. Ya kai muƙamin kwamanda, irin wanda ya ba Bond daga baya, sai dai shi mafi yawan yaƙinsa a kan tebur ya yi shi, yana ƙulla dabaru wasu na zartarwa. Ana iya cewa Bond shi ne mutumin da Fleming ya so a ce shi ne.

Bayan yaƙi ya gina gida a Jamaika ya sa masa suna Goldeneye, inda yakan je ya gudu wa sanyin Ingila duk shekara. A can ya fara rubuta Casino Royale a watan Fabrairun 1952, aka buga shi a 1953. Sunan jarumin ma aro ne, daga wani Ba'amurke masanin tsuntsaye da littafinsa ke gidan. Da gangan ya zaɓe shi don lami ne, gaɓa ɗaya sunan yanka, gaɓa ɗaya sunan gida, domin nufinsa jarumin ya zama makamin gwamnati kawai, marar armashi.

Mai karatu ya lura da zamanin. Indiya ta karɓi 'yanci a 1947. A 1951 jami'an Birtaniya biyu, Burgess da Maclean, suka tsere Tarayyar Sobiyat bayan sun daɗe suna sayar da asirin ƙasarsu. Har 1954 ana auna wa Turawan Ingila nama da kati. A cikin wannan ƙunci ne Fleming ya miƙa musu jarumi mai cin daɗi, mai yawon duniya, wanda har Amurka ke bin bayansa. A 1956, da rikicin mashigin Suwez ya kunyata Birtaniya, a gidan Fleming na Jamaika Firayim Minista Anthony Eden ya je jinya. Bond lallashi ne ga daular da rana ke faɗuwa a kanta, kuma ya zo da ƙazantar daular. Yadda littafin Live and Let Die na 1954 ya siffanta baƙar fata ya sa a 2023 masu haƙƙin littattafan suka cire wasu kalmomi kafin sake bugawa. Mai neman Bond na asali ya san cewa wannan ma yana cikin kayan.

Bugu da ƙari, shi kansa Fleming bai tsaya a kan Bond ɗaya ba. A ƙarshen From Russia, with Love na 1957 ya bar shi a ƙasa da guba a jiki, don ya fara gajiya da shi, sai a littafi na gaba ya tashe shi. A 1962 ya fitar da The Spy Who Loved Me, inda mace ke ba da labarin da bakinta, Bond kuwa sai can wajen ƙarshe ya bayyana. Masu sharhi suka yi masa ca, har ya hana a yi fim da labarin, sunan kawai ya sallama. Da aka zaɓi Sean Connery don fim ɗin Dr. No na 1962, Fleming ya ga bai dace ba. Da fim ɗin ya karɓu, sai ya juya ya ba Bond uba ɗan Sukotland, ƙasar Connery. Ke nan tun marubucin na raye fim ya fara gyara littafi.

Shan taba ba kama hannun yaro, da giya, da shari'ar da aka yi da shi a 1963 kan mallakar labarin Thunderball, duk sun ci ƙarfinsa. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Kantabari ranar 12 ga Agustan 1964, yana da shekara 56, makonni kaɗan kafin fitowar fim ɗin Goldfinger. Ya bar littattafan Bond 14. Finafinai biyu kacal aka fitar yana raye, cikin 25 da kamfanin Eon ya yi.

Masoya na da haƙƙin neman labari mai ma'ana, kuma tsoronsu na kada kamfani ya mai da Bond saniyar tatsa ba na banza ba ne. Inda suka kuskure shi ne zaton akwai wani Bond tsayayye da za a koma gare shi. Kowane zamani ya ɗinka masa rigar da ta dace da fargabarsa, kuma Fleming ne ya fara riƙe allurar. Daga farkon 2035, cikar shekara 70 da mutuwarsa, haƙƙin mallakar littattafan zai ƙare a Birtaniya da Tarayyar Turai. A lokacin, duk mai ganin ya fi kowa sanin Bond na asali sai ya ɗauki alƙalami ya nuna mana.