Tarihin Stanley Milgram, masanin da ya auna biyayyar ɗan Adam

A watan Afrilun 1961 aka fara shari'ar Adolf Eichmann a Birnin Ƙudus, wato jami'in 'yan Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin da aka yi musu kisan kiyashi. Babbar hujjar da ya kare kansa da ita ita ce umarnin na gaba da shi ya bi.

Watanni kaɗan bayan haka, wani matashin malami a jami'ar Yale ta Amurka ya fara wani gwaji domin gano ko mutumin da ba shi da gaba da kowa zai iya azabtar da ɗan'uwansa don kawai an umarce shi. Sunan malamin Stanley Milgram.

Shi dai Milgram an haife shi ne ran 15 ga watan Agustan 1933 a unguwar Bronx ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani, mahaifinsa mai gasa burodi daga Hangari, mahaifiyarsa kuwa daga Romaniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu danginsu da suka tsira daga sansanonin Hitler sun sauka a gidansu na ɗan lokaci.

Kimiyyar siyasa ya fara karantawa, ya kuma kammala a 1954. Jami'ar Harvard ta ƙi ɗaukarsa da farko saboda bai taɓa karanta ilimin halayyar ɗan Adam ba, sai da ya cike giɓin, kana ya sami digirin digirgir a can a 1960.

Mutumin da ya fi yi masa tasiri shi ne Solomon Asch, wanda ya nuna cewa mutum kan ƙaryata abin da idonsa ya gani game da tsawon layin da aka zana a takarda, muddin duk waɗanda ke zaune tare da shi sun haɗu a kan amsar da ba daidai ba. Milgram ya ga tsawon layi ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ya so ya sani shi ne yadda za ta kaya idan lafiyar wani ce a kan sikeli.

Na'ura mai makunni 30

Ya ba da talla a jaridar birnin New Haven cewa ana neman maza 'yan shekara 20 zuwa 50 domin wani bincike kan koyo da hadda, a kan ladan dala huɗu da sisin mota.

Duk wanda ya zo sai a jefa ƙuri'a tsakaninsa da wani mutum, ya fito a matsayin malami, ɗayan kuma ɗalibi. An yi wa ƙuri'ar maguɗi, domin ɗalibin ɗan gida ne. Sai a ɗaure ɗalibin a kujera a wani ɗaki, a zaunar da malamin gaban wata na'ura mai makunni 30, daga volt 15 har zuwa 450. Duk lokacin da ɗalibi ya yi kuskure, malami zai jona masa wutar lantarki, kuma kowane kuskure sai ƙarfin wutar ya ƙaru.

Babu wutar da ke isa ga ɗalibin, amma malamin bai sani ba. Idan ya nuna alamar tsayawa, wani mutum sanye da rigar ƙwararru mai ruwan toka zai ce masa ya ci gaba, cikin natsuwa, ba tare da barazana ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa da aka tambaya sun yi hasashen cewa da kyar a sami mutum ɗaya cikin dubu da zai kai ƙarshe. A gwajin farko, mutum 26 cikin 40 ne suka danna makunni na ƙarshe, kuma babu ko ɗaya da ya tsaya kafin volt 300, inda ɗalibin ke dukan bango. Da aka sake gwajin, ɗalibin na ihu yana cewa yana da ciwon zuciya, 26 ɗin aka sake samu. Da yawansu gumi suke yi, jikinsu na rawa, suna gardama, amma hannunsu na kan na'urar.

Wannan kashi 65 cikin ɗari shi ne ya yi suna, alhali abin da ya fi ilmantarwa shi ne yadda adadin ke sauyawa. Da mai ba da umarni ya fita ya koma magana ta tarho, biyayya ta faɗi zuwa kusan kashi 20. Da aka ce malami ya danna hannun ɗalibin da kansa a kan ƙarfen wutar, kashi 30 ne suka kai ƙarshe. Da wasu abokan aiki biyu suka bijire a gabansa, kashi 10 kacal suka ci gaba. Amma da aka ba wani aikin danna makunnin, shi kuwa malamin aka bar shi da ƙananan hidimomi, 37 cikin 40 sun zauna har aka gama.

Suka da tsangwama

Da aka buga sakamakon a 1963, suka ta biyo baya. Diana Baumrind ta zarge shi a 1964 da yaudarar mutane da jefa su cikin tashin hankalin da ba su amince da shi ba. Ya mayar da martani cewa kashi 84 na mutanen sun ce sun ji daɗin shiga gwajin. Duk da haka Harvard, inda ya koma koyarwa, ba ta ba shi kujerar dindindin ba, kuma a 1967 ya tattara ya koma jami'ar birnin New York.

A littafinsa na 1974 ya bayyana cewa mai biyayya kan ɗauki kansa a matsayin ɗan aike, ya ɗora alhakin abin da ya aikata a wuyan wanda ya aike shi. Ya kawo misali da kisan da sojojin Amurka suka yi wa fararen hula a ƙauyen My Lai na Vietnam a 1968.

Milgram ya mutu ran 20 ga watan Disambar 1984 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 51. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu.

Sai dai mahawarar ba ta mutu da shi ba. Gina Perry 'yar Ostareliya, wadda ta saurari faya-fayan gwajin a ma'ajiyar Yale, ta nuna a littafinta na 2012 cewa mai ba da umarnin ya sha matsa lamba fiye da yadda aka rubuta, wasu mahalarta sun yi shakkar ingancin wutar, wasu kuma sun tafi gida ba a faɗa musu gaskiya ba.

Shi kuwa Jerry Burger da ya maimaita gwajin a 2006, yana tsayar da shi a volt 150, ya ga kashi 70 a shirye suke su zarce. Amma duk waɗanda aka kai ga ce musu ba su da wani zaɓi sai ci gaba, sun ƙi. Wannan ne ya sa wasu masana a yau ke ganin mutanen Milgram sun ci gaba ne saboda an gamsar da su cewa aikin alheri suke yi wa kimiyya.