HAROLD RIDLEY, LIKITAN DA YA FARA DASA GILASHI CIKIN IDO

Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa asibiti a Ikko ko Badun don a cire masa yanar ido, ya san yanzu ba safai akan sallami mutum da tabarau mai kauri irin na da ba. Wani ɗan gilashin roba ake sawa cikin ƙwayar idon, ya riƙa tattara haske har ƙarshen rai. Wanda ya fara wannan dabara shi ne Likita Harold Ridley, Bature, wanda aka haifa a Ingila cikin 1906.

A lokacin yaƙin Hitila ya duba matuƙa jiragen yaƙi waɗanda tagar jirgi ta tarwatse ta shiga idanunsu. Tagar kuwa ta wata roba ce mai suna Perspex. Abin da ya lura da shi, ɓarɓashin robar yakan zauna cikin ido ba kumburi, ba mugunya, watau jiki bai ɗauke shi baƙo ba. Ya riƙe wannan a ransa.

Cikin 1941 soja suka tura shi Gwalkwas, watau Ghana ta yau. Ya je har Funsi a arewacin ƙasar, ya binciki makantar nan da ƙudan bakin kogi ke kawowa, kana ya buga sakamakon cikin 1945.

Ran 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya sa wa wata mata gilashin farko, wanda kamfanin Rayner ya ƙera masa. Bai bayyana aikin ba sai 1951. Nan fa manyan likitocin ido suka yi masa ca, suna ganin aikin likita shi ne fitar da abu daga ido, ba cusawa ba. A gaskiya suna da 'yar hujja, domin gilashin farko yana da nauyi, wani lokaci yakan goce daga mazauninsa. Amma shekarun da aka yi ana mai da shi saniyar ware sun yi yawa. Sai cikin 1981 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da dabarar.

Da tsufa ya zo, shi ma yana ta kama shi, aka dasa masa irin gilashin nasa a ido biyu. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir cikin 2000, ya mutu ran 25 ga Mayu 2001 yana da shekara 94.