Jacques Cartier, matuƙin jirgin ruwan da ya mai da sunan ƙauye sunan ƙasar Kanada

Mu da muka saba ganin Tahoua a taswira amma mu ce Tawa, ko mu ga Dogondoutchi mu ce Dogon Dutsi, mun san yadda suna kan sauya kama idan ya bi ta bakin Bafaranshe. Irin haka ta faru a arewacin nahiyar Amurka kusan shekara 500 da suka wuce, kuma wanda ya share fagen a can shi ne Jacques Cartier, wanda mutanensa ke kira Jak Kartiye.

An haife shi a 1491 a Saint-Malo, wani garin masunta da 'yan jirgin ruwa a arewa maso yammacin Faransa. A 1534 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya tura shi neman zinariya da hanyar ruwa da za ta ɓulle Asiya ta yamma. Ya tashi ranar 20 ga Afrilu da jirage biyu da mutum 61, cikin kwana 20 ya ƙetare Tekun Atalantika. Ranar 24 ga Yuli ya kafa gicciye mai tsawon kimanin mita 10 a wurin da yau ake kira Gaspé, sunan da masana da dama ke cewa daga gespeg yake, wato ƙarshen ƙasa a harshen mutanen Mi'kmaq. A nan ya haɗu da Donnacona, shugaban garin Stadacona, wanda ya zo kamun kifi da jama'arsa. Donnacona ya nuna da hannu cewa ƙasar tana da masu ita, amma duk da haka Cartier ya tafi da 'ya'yansa biyu, Domagaya da Taignoagny, zuwa Faransa.

Samarin nan ne suka zama 'yan jagoransa da ya dawo a 1535 da jirage uku da mutum 110. Ranar 10 ga Agusta ya shiga wani mashigin ruwa, da yake ranar tunawa da waliyyin Kirista Lauran ce, sai ya sa masa suna Saint-Laurent, sunan da daga baya ya mamaye kogin baki ɗaya. Da samarin suka nuna masa hanyar gida, sai suka ce hanyar kanata ce. A harshensu kanata ƙauye ne ko gari, amma Cartier ya rubuta Canada, ya kira duk yankin Stadacona da shi. Sannu a hankali sunan ya bazu a taswirorin Turai, har a 1867 ya zama sunan ƙasar da a yau ita ce ta biyu a faɗi a duniya.

A farkon Oktoba ya isa wani babban gari mai shinge da gonakin masara, Hochelaga, ya hau dutsen da ke bayansa ya sa masa suna Mont Royal, wato Dutsen Sarki. Daga nan aka samu Montréal. Masu jin Faransanci kan ce Monreyal, su haɗiye harafin t, masu Ingilishi kuwa su fito da shi su ce Mantiriyol.

Hunturun shekarar ya zo musu da wahala. Ƙanƙara ta tsare jiragen wata biyar, ga cutar nan mai kumbura dasashi saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ta kashe mutum 25. Domagaya ne ya nuna musu wata bishiya, annedda, suka dafa ganyenta da ɓawonta suka sha suka warke. Sakayyar da Cartier ya yi ita ce, a watan Mayun 1536 ya kama Donnacona da 'ya'yan nasa, ya tafi Faransa da mutum 10, don shugaban ya faɗa wa sarki da bakinsa labarin wata daula mai arziki da ya kira Saguenay. Ba a taɓa ganin daular ba, sai dai sunan yana nan a kan wani kogi da birni. Donnacona ya mutu a Faransa, kuma cikin mutanen nan babu wanda ya sake ganin gida.

Da ya koma karo na uku a 1541, Cartier ya shaida wa mutanen Stadacona mutuwar shugabansu, amma ya ce sauran suna can cikin daula, alhali duk sun mutu in ban da yarinya guda. Yarda ta ƙare tsakaninsu, matsugunin da ya kafa bai ɗore ba. A 1542 ya koma gida da ganguna cike da abin da ya zaci zinariya da lu'ulu'u ne, ashe duwatsu ne masu ƙyalli kawai, har abin ya zama karin magana a Faransa. Ya mutu a Saint-Malo ranar 1 ga Satumba, 1557.

Lokacin da Samuel de Champlain ya biyo kogin a 1603, bai tarar da Stadacona ko Hochelaga ba, mutanensu sun watse. Garin da ya kafa a 1608 a gurbin Stadacona ya samu suna daga wani harshen daban, na Algonkin, inda kebek ke nufin wurin da kogi ya tsuke. Faransawa suka rubuta Québec suna cewa Kebek, Turawan Ingila suka bi rubutun suka ce Kwibek. Harshen su Donnacona kuwa ya mutu, abin da ya rage mana daga cikinsa shi ne jerin kalmomin da aka rubuta a rahoton tafiye-tafiyen Cartier, da sunaye irin su Kanada da Hochelaga, wanda yau unguwa ce a birnin Monreyal.